Bencin Kankare a Majami'ar Kan Dutse

Da Taniyos ya kwanta ciwo, makullin ya dawo hannuna. Mijina ne, shi ke gadin ƙaramar majami'ar da ke saman ƙauyenmu a duwatsun Lubnan, kafin ɓarin jikinsa ya shanye. Ni ke yi masa wanka, ni ke juya shi, ni ke tsayuwa a gidan burodi tun safe. Ran nan ko abinci a tsaye na ci.

"Nuhad, rufewa kawai za ki yi ki dawo," in ji shi.

"Da cewa aka yi zan kwana can? Ka ji mutum."

Ginin kankare ne tsirara, ba fenti, ba taga, sai wata doguwar tsaga a rufi. Bangon a lanƙwashe yake, in ka yi raɗa a wannan gefe sai a ji ka a wancan. Don majinyatan tsohon asibitin tarin fuka aka gina shi, kowace ɗariƙa ta yi addu'arta a ciki. Asibitin ya daɗe da rushewa. Ita kuwa majami'ar, hukumar kayan tarihi ta hana a buga mata ko ƙusa.

Na isa rana na faɗuwa, gwiwoyina na kuka. Ciki sanyi, ga warin danshi da na tsohon kyandir. Ɗan jan haske ya zubo ta tsagar ya kwanta kan dogon bencin kankare da ke jikin bango.

Na kashe kyandir. Na juyo zan fita.

Sai na ji tari.

Busasshen tari, can ƙasa-ƙasa, daga cikin bangon.

"Wane ne?"

Sai raɗa ta biyo bangon. Wani yana addu'a da Larabci, wata da Armeniyanci, numfashinsu na yankewa. Warin maganin asibiti ya cika min hanci.

"'Yar'uwa," in ji wata murya a gefen kunnena. Muryar tsohuwa ce, mai taushi. "Kin gaji."

Tun da Taniyos ya kwanta, ba wanda ya taɓa ce min haka.

"Zauna mana. Mun matsa miki."

Na zauna. Wallahi da kaina na zauna.

Bencin da ɗumi, kamar yanzu wani ya tashi. Ya lotsa ƙarƙashina kamar katifa. Ciwon bayana ya tafi. Na gwiwa ya tafi.

"Nan ba mai kiran ki," ta ce.

Kankaren ya hau cinyoyina. Ina gani. Ban damu ba.

Ya kai ƙugu.

Idanuna suka yi nauyi.

Sai wayata ta yi ƙara a aljihu. Da ƙyar na zaro ta.

"Nuhad." Muryar Taniyos ce. "Na zamo daga gado. Ina ƙasa. Ki yi haƙuri."

"Bar shi," in ji tsohuwar. "Wani zai ɗaga shi."

Ba wani. Na san ba wani.

Na dafa bango na fizge jikina. Siket ɗina ya yage, takalmina ɗaya ya tsaya a ciki. Tarin ya tashi ko'ina, mutane da yawa, har rufin yana amsawa. Da rarrafe na kai ƙofa. Ban rufe ba.

A gida na samu Taniyos a ƙasa, yana kuka don kunya. Na ɗaga shi, na canza masa kaya.

Washegari na roƙi Abuna Bulos, limamin ƙauyenmu, ya sa a fasa bencin. Ya ce doka ta hana, sai dai ya yayyafa ruwan albarka. Ya yayyafa. Makullin kuma ya ba wani.

Yanzu ba na bin hanyar nan. Amma akwai ranakun da nake gama aiki ƙafafuna ba sa ɗaukata, in tsaya a ƙofar gida ina kallon saman dutsen. Ba tsoro nake ji ba. Abin da ke tayar min da hankali ke nan.