Birki a Kwanar Gada

Ƙarfe uku na rana duhu ya riga ya rufe hanyar Alta, ƙanƙara ta mai da kwalta kamar gilashi. Torunn ta rage wa wani dattijo hanya. Tun da ya shigo, hita, na'urar ɗumi, ta kasa ɗumama motar.

"Yarinya, kada ki taka birki a kwanar gadar nan," in ji shi. "Ɗaga ƙafa kawai."

Motar ta zame, gaban Torunn ya faɗi, amma ta daure ba ta taka birki ba har tayoyi suka kama ƙasa.

"Baba, ya aka yi ka san wurin haka?"

Numfashinta na fita kamar hayaƙi. Nasa kuwa babu. Ruwa na ɗiga daga gemunsa, yana ƙarnin kogi.

Ya ce, "Ai ni takawa na yi."