Sunan da Tanimu Ya Kankare

Ku matso, a rage fitilar nan. Mai tsoro ya tafi wurin uwarsa tun yanzu.

Da dagacin Tungar Gamji ya rasu, Malam Tanimu ya nemi gadon sarautar. Hakimi ya ce ya kawo salsalarsa har zuwa wanda ya sari garin. Ya bi tsofaffi da tambaya, ya tone akwatin kakansa, ya samo takardar ajami. Sunan farko na mace ne: Tasalla, baiwa, wadda ta gudo da goyo ta haƙa rijiya a daji.

Baiwa! Ya ɗauki reza ya kankare sunan, ya rubuta na namiji.

Don ya isa gaban hakimi da sassafe, sai ya hau keke bayan isha'i, ya bi ta tsohuwar rijiya. Shi kaɗai.

Kwaɗi suka yi tsit. Sarƙar keken ta zame.

Ga wata tsohuwa mai zane a fuska tana jan ruwa. Rijiyar kuwa ta ƙafe tun ba a haife shi ba.

"Sannu da aiki, Iya."

"Yauwa, angona. Dare ya yi maka."

Kaka ce kaɗai ke kiran jika haka. Kakanninsa duk suna ƙasa. Ya dubi turɓayar da take takawa. Babu sawu.

"Ɗan wa ne kai?"

"Ɗan Barau."

"Barau fa?"

"Ɗan Nomau."

"Wa ya haifi Nomau?"

Ya buɗe baki zai faɗi sunan ƙaryar, harshe ya ƙi tashi.

"Ka manta? A bayan nan na goya shi, ƙaya tana cin ƙafata."

Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ya durƙusa, ya kasa ɗaga ido.

"Iya, ki yafe mini."

"Ɗago, angona. Kai ka kankare, ni zan rubuta."

Ta shafi kuncinsa da yatsa mai sanyi.

Da gari ya waye, ga zane uku-uku a kumatunsa, sun warke kamar tun ranar suna aka yi su. Irin na fuskarta. Rawani bai rufe su ba.

Hakimi ya dubi takarda, ya dubi fuska. "Malam, wa ya sari garinku?"

Kansa a sunkuye ya ce, "Ranka ya daɗe, Tasalla ce. Baiwa. Ni na kankare ta."

Sarautar, wani aka naɗa. Tanimu kuwa da zanen nan aka binne shi.

Kada ku bi ta rijiyar nan ku kaɗai da dare. Tana nan, tana tambayar ɗan wa ne.