Malam Ba-Komai da Tsibirin da Ba a Zuwa da Yara

Durƙushe take a falo tana dirzar bango da soso, domin wani ɗan albarka ya zana mata mota mai ƙafa biyar da sabon jan-bakinta. Bayanta kuwa kamar an tashi kasuwa. Yara shida ne, babu nata ko ɗaya: uku na Yaya Babba, yayar mijinta, biyu na ƙaninsa, na shidan kuma har yanzu ba ta gane ta ina suka haɗa dangi ba, an dai turo shi da ledar kayansa. Rimot yana cikin kofin shayi. Kujerar da ta fi ji da ita ta jiƙe sharkaf, kuma ba ruwa aka zubar ba.

Antin Yara dangin mijin suke kiranta. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka yabo ne, amma ita ta san abin da ke ƙarƙashin sunan: matar da ba ta haihu ba, wadda ba ta da aikin yi sai renon 'ya'yan mutane. Malamar ajin ƙananan yara ce, wato nasare, ta wuni tana share majinar yaran makaranta, ta dawo ta tarar an jibge mata na dangi. Ba ƙin yara take ba, Allah ya sani. Abin da ke ci mata rai shi ne ba a taɓa tambayarta ko tana so ba.

Mijin nata gyaran firiji da iyakwandishan yake yi, kuma kowa Ba-Komai yake ce masa, don kalmar da ya iya ke nan. A ari motarsa a dawo da ita a lotse, ba komai. A zagi matarsa a gabansa, ya sunkuyar da kai yana duba farcensa. Akwai abin da su biyu kaɗai suka sani: tun shekarun baya likita ya zaunar da su ya ce matsalar haihuwar daga wajensa take. A cikin mota ya yi kuka kamar yaro, ita kuma ta riƙe hannunsa ta yi alƙawarin rufa masa asiri. Ta cika alƙawari. Shi kuwa ya zuba ido ana yi mata gori da laifin da ba nata ba.

Shi ne ya shigo yana tsallake kayan wasa, baki har kunne.

"Madam, ajiye soson nan, zo ki ga wani abu!"

Ya miƙa mata waya. Tsibiri ne a tsakiyar teku, yashi fari fat, ruwa shuɗi har iya ganinka, ga ƙananan ɗakunan katako a ƙarƙashin bishiyoyin kwakwa.

"Na kama mana ɗaki a otal ɗin nan," ya ce ƙasa-ƙasa. "Daga ni sai ke. Karanta nan, kin gani? Manya kawai. Ba sa karɓar yara sam!"

Ta ƙura wa hoton ido. Ba ta taɓa ganin teku ba sai a talabijin. Ta dube shi kamar ranar da ya fara tsayawa a ƙofar gidansu yana in'ina, har ta buɗe baki za ta yi godiya, sai ya ƙara da cewa:

"Kin ga dabarar? Idan Yaya ta ce mu tafi da yaranta, sai in ce dokar otal ce. Babu ruwana!"

Murmushin ya bushe a fuskarta.

"Wato otal ne zai yi maka magana."

"To mene ne? Ai duk ɗaya ne."

"Sannu da dabara, Malam Ba-Komai," ta ce, ta koma kan sosonta.

Duk da haka ta shiga shiri, don rai yana son abin da yake so. Ta roƙi shugabar makaranta hutu. Ta sayo hula mai faɗin baki, da baƙin tabarau, da doguwar rigar shiga ruwa, da maganin amai saboda an ce sai an hau ƙaramin jirgin ruwa kafin a isa. Ta zaɓi ɗakin da ƙofarsa ke kallon faɗuwar rana. Idan ta shiga ɗaki ta kulle ƙofa, sai ta saka hular ta tsaya gaban madubi tana yi wa kanta dariya.

Labari bai daɗe ba ya kai kunnen Yaya Babba. Ta iso ko sallama ba ta gama ba, ta zube a kujera, ta cire takalmi ta ɗora ƙafa a kan tebur. Mace ce da ba ta taɓa shiga gidan nan da ko lemo ɗaya a hannu ba, amma ba ta taɓa fita hannu rabbana ba.

"Na ji wai hanimun za a tafi, yawon amarci!" Ta tuntsire da dariya har da tafa hannu. "Hanimun da furfura? Hutu za a je yi, in ji su. Ke Antin Yara, wace wahala kika sha da za ki huta? Goyo kika yi ko naƙuda?"

Antin Yara ta ajiye mata ruwa, ta dubi mijinta. Yana duba farcensa.

"To shi ke nan ma," in ji Yaya. "Yarana ba su taɓa ganin teku ba. Ku tafi da su."

"Wallahi Yaya da ba komai," ya ce da sauri, "to dokar otal ɗin ce. Ba sa karɓar yara. Ni kaina ban ji daɗi ba."

"Otal ɗin da ba a son yara? Lallai an san inda aka zaɓa." Ta watsa wa matar harara. "Wanda bai san zafinsu ba ai dole ya guje su."

Da ta tafi, ya shigo kicin yana murna kamar wanda ya ci gasa. "Kin gani? Ta yi aiki!" Ita dai ta ci gaba da wanke kofuna, tana mamakin namijin da zai ce bai ji daɗi ba a kan abin da shi da kansa ya nemo.

Murnar ba ta yi nisa ba. Yaya Babba ba ta iya girki ba, ba ta iya riƙon gida ba, amma wajen neman inda za ta sauke nauyinta babu wanda ya kama ƙafarta. Ta kira shi a waya, shi kuma hannunsa duk kumfa, ya saka ta a sifika.

"Na bincika onlayin. A ɗaya gefen tsibirin akwai masaukin da ke karɓar iyali, har da lilo. Ka soke wancan ka kama wannan. Ni da babansu ma mu samu mu ɗan sarara, yaran nan sun ishe ni."

Antin Yara ta tsaya da tawul a hannu, tana kallon bakinsa. Katangar da ya laɓe a baya ta rushe, saura shi kaɗai a fili.

"To... ba komai, Yaya."

Ba ta yi ihu ba. Ta shiga ɗaki ta buɗe akwati, ta fitar da hular da tabarau da rigar ruwan, ta jera su a saman durowa, sannan ta zauna a bakin gado ta yi kukan da ta daɗe tana haɗiyewa.

Washegari da ta tashi daga makaranta, shagonsa ta wuce. Matattun firiji a jere kamar masu jiran likita, bututun jan ƙarfe a rataye, ƙasa duk baƙin mai. Yana tsugune bayan wata firiza da abin walda a hannu. Ya ganta ya miƙe yana goge hannu a wando.

"Madam, lafiya? Ki yi haƙuri, filis. Ban soke ba tukuna, ina tunanin wata dabarar. Zan ce mata jirgin ruwan ba shi da rigar kariya ta yara, ko in ce…"

"Yau kuma jirgi ne zai yi maka magana?"

Ya sunkuyar da kai yana duba farcensa.

"Ka tafi da su," ta ce, muryarta a sanyaye. "Ka kai su su hau lilo. Ni ina gida, hutun ma ya ishe ni."

"Haba, ai don ke na shirya!"

"Don ni? Ka nemo otal ya ce a'a a madadinka, kamar yadda ka nemo ni in ɗauki gori a madadinka. Ban taɓa yi maka gorin abin da likita ya faɗa ba, kuma ba zan yi ba har abada, Allah ne ya tsara. Ban ce ka tona kanka ba. Amma ko 'Yaya, bar matata' ban taɓa ji daga bakinka ba. Ba tekun nake kwaɗayi ba, wallahi. Mijina nake nema, na duba gidan ban gan shi ba."

Ta juya ta fita. Ya bi ta da kallo, abin waldar yana ta huci a hannunsa har sai da maƙwabcinsa mai faci ya leƙo ya ce ya kashe.

Ranar tafiya da safe Yaya Babba ta iso da yara uku, jakunkuna huɗu, da wata ƙatuwar agwagwar roba da aka riga aka hura, wadda ta maƙale a ƙofa sai da aka turo ta da ƙafa. Ta tarar da Antin Yara da kayan gida a jikinta tana shara.

"Ke ba ki shirya ba? Au, fushi ake yi?" Ta riƙe ƙugu. "Ke ko kunya! Gata nake miki fa, ki ɗan ɗana daɗin 'ya'ya tunda kin kasa ba ƙanina ko ɗan tsako. Wata ce da tuni an sallame ta. Mu ne ma masu haƙuri da muke zaune da juya a…"

"Yaya."

Daga ƙofar ɗaki muryar mijin ta fito, tana rawa. Ya ce wa yaran su je mota su jira. Da suka fita ya rufe ƙofa.

"Ba za mu tafi da su ba."

"Ai na ce maka akwai masaukin da…"

"Na sani. Ba otal ba ne, ba jirgi ba ne. Ni ne ban yarda ba. Matata zan kai ta huta." Ya matsa kusa da matarsa. "Kuma kalmar da kika faɗa yanzu, idan akwai wanda ta dace da shi a gidan nan, ni ne. Likita ya faɗa tuntuni. Lafiyarta ƙalau. Ta rufa mini asiri, ta yi renon 'ya'yanki, ni kuma na zauna ina kallo kina cin mutuncinta. Daga yau ya ƙare."

Bakin Yaya Babba ya buɗe ya ƙi rufuwa. Ta dubi ƙaninta, ta dubi matar da ke riƙe da tsintsiya hawaye na zuba.

"To... ni yanzu yaya zan yi da su?" shi ne abin da ta iya fitarwa.

"Ki kai su gida, Yaya. Naki ne."

Haka ta kwashi jakunkunanta. Agwagwar ta sake maƙalewa a ƙofa, babu wanda ya taya ta turawa.

Da suka rage su biyu, Antin Yara ta ce, "Ban ce ka faɗa mata wannan ba."

"Na sani. Kin daɗe kina ɗauke da shi, yau na karɓi kayana." Ya ɗauko hular daga saman durowa ya ɗora mata a kai a karkace. "Yi sauri, kar jirgi ya tafi ya bar mu."

Duk da maganin, sai da ta yi amai a jirgin, shi kuma ya riƙe mata hula yana dariya. Amma da ta taka yashin, ruwa ya zo ya lashi ƙafarta ya koma, sai ta ƙwalla ƙara ta ruƙunƙume shi kamar yarinya. Babu mai kuka, babu mai kiran Anti. Da yamma ya same ta a rumfar masu tsaraba tana zaɓar sarƙoƙin ƙwanson teku guda shida.

"Madam, ba gudun yaran nan muka yi ba?"

"Ni ban taɓa gudunsu ba," ta ce.

Suna nan wayarsa ta yi ƙara. Ƙaninsa ne, wai idan sun dawo zai kawo nasa biyun su yi hutu. Ta ga leɓensa ya fara haɗa kalmar nan da ya saba, sai ya tsaya ya dube ta.

"Bari in tambayi matar gidan," ya ce.

Ta gyara zaman tabarau, ta ɗan ja masa rai kafin ta amsa. "Su zo ranar Asabar. Da yamma a zo a ɗauke su."

Haƙurin mace ta gari ba ya faɗuwa ƙasa banza, ko ya daɗe sai ta ga sakayya. Amma ku maza, ku ji da kyau: haƙurinta ba katanga ba ne da za ku laɓe a bayansa. Wanda yake son matarsa ya kare ta da bakinsa, ko da muryarsa tana rawa, kar ya jira dokar otal ta yi masa.