Tafin Hannu a Bangon Gabas

Da hantsi motar baƙi ta sauke su a bakin tsohon garin, wanda rairayi ya kewaye shi ko'ina, gidajensa na ƙasa sun haura shekara ɗari uku. Kowa na ta ɗaukar hoto, amma wani injiniya, da yake sarkin iyayi ne, sai ya zaro mukulli ya ƙwanƙwasa bangon babban gidan.

"Wannan ai siminti yake nema," in ji shi.

Budurwar da ke zagayawa da su, 'yar mai gidan, ta juyo ta galla masa harara.

"Malam, ɗauke mukullinka daga jikin kakana."

"Au, bangon ne kakan naki?"

Ta nuna masa wani shatin tafin hannu a jikin yaɓen, yatsu biyar ras. "Hannun wanda ya gina gidan ne. Shi mutane ke keto sahara su gani, ba kai ba, Malam Siminti."

"Na ji, Ƙaya."

Shi ke nan, sunaye suka bi su. Bawan Allah nan ya mai da garin wurin zuwansa duk Asabar, wai iskar wurin ce ta yi masa. Iska fa! Da ya samu lambarta ya rubuta:

"Ƙayata, tun da kika soke ni ban nemi mai cirewa ba."

Ta amsa: "Siminti, ka ji da busasshen kanka. Motar Asabar ƙarfe bakwai take tashi. Ba don kai na faɗa ba."

Da maganar aure ta taso, mahaifinta, tsohon magini, ko kallon arziki bai yi masa ba. "Mai zuba kankare? Wanda bai san ƙasa ba, ba zan ba shi 'yata ba."

Direban motar baƙin, wanda ya daɗe yana son Ƙaya tana share shi, ya ja Injiniya gefe. "Ka ga tsagar nan ta ƙarƙashin tafin hannun? Ita ke damun tsohon. Liƙe masa ita, ka ga yadda zai sauko." Munafukin kuwa ɗan garin ne, ya san abin da zai biyo baya.

Ranar da uba da 'ya suka yi tafiyar kwana uku, Injiniya ya kwaɓa siminti ya shafe tsagar sumul, yana ta murna.

Da tsohon ya dawo ya gani, sai da ya dafa bango. "Ka toshe masa hanci! Ginin ƙasa numfashi yake yi. In danshi ya rasa hanyar fita, ta ciki zai cinye shi."

Dole a cire. Injiniya ya sa hannu yana ɓamɓara a hankali, amma simintin ya riga ya kama gam. Ya ɓallo da tsohon yaɓen gaba ɗaya, tafin hannun ya faɗo ƙasa ya zama gari. Ƙaya ta durƙusa tana tattara ƙurar tana kuka.

Saƙonta ya iso masa kafin ya kai mota: "Ka kashe abin da ya fi ka daraja. Kada ka ƙara kira na."

"Ba zan kira ba," ya rubuta. "Zuwa zan yi."

Ya zo ɗin. Tsohon ya ce, "Ka tada wurin da hannunka, da ƙasa zalla. In aka yi ruwa bai zube ba, sai mu yi magana." A garin da akan shekara biyu ba a ga ɗigo ba! Direba har da riƙe ciki don dariya, kuma garin dariyar ya yi suɓul da baka, kowa ya ji shawarar wa aka bi.

Injiniya ya naɗe wando ya shiga kwaɓa ƙasa da ƙafa. Sau uku yana ɗorawa tsohon na rushewa da sanda. Masu wucewa na yi masa kirari da "Injiniyan laka". Ƙaya takan dire masa kofin ruwa har ya fantsama.

"Na ji Direba ne ya zuga ka. Shi mugu, kai wawa."

"Wawan naki ne dai, Ƙayata."

"Allah ya kiyaye!" Amma ba ta fasa kawo ruwan ba.

Wata goma sha huɗu aka yi ana kallon sama. Ran nan da la'asar hadari ya haɗo, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mutane na gudu cikin gida, su uku suna tsaye a gaban bangon sun jiƙe sharkaf. Ruwa ya ɗauke, bango na nan ƙyam.

Washegari tsohon ya sa Injiniya yin yaɓen ƙarshe. Tun ƙasar na ɗanya ya cafki wuyan hannunsa da ƙarfi, ya danna tafinsa daidai inda na kakan yake a da.

"Wancan ya tafi, ba zai dawo ba," in ji shi. "Duk baƙon da ya tambaya, kai za ka faɗa masa da bakinka yadda aka yi. Ka turo manyanka."

Bayan sati uku aka ɗaura aure. Tsohon ya dafa kawunansu ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya sa ku fi bangon nan daɗewa."

Amarya ta sunkuyar da kai ta raɗa wa ango, "Simintina, ka ƙara taɓa ginin Baba, ni da kai ne."

"Amin," in ji shi, don addu'ar kawai ya zaɓi ya ji.