Tunkuzar Da Ta Kashe Shanun Bisahu

Sufeto Netam bai ko kurɓi shayinsa ba aka kira shi ƙauyen Amapani. Shanu uku na wani manomi, Bisahu, sun mutu, jama'a kuma sun kewaye matsar mai ta matan ƙauyen da ashana a hannu.

A nan wata dattijuwa, Sukaro, da ƙungiyarta suke matse 'ya'yan bini-da-zugu, su fitar da man da injin ban-ruwa yake sha. In aka ƙone wurin, shinkafar ƙauyen ta bushe.

"Ku ba ni awa biyu!" Netam ya daka musu tsawa.

A garke ya tarar da baƙar tunkuza a kwamin shanu. Bisahu yana ta sharɓar kuka.

"Gubar matsar Sukaro ce, Yallaɓai! Ita ta zuba musu. Ni ko hanyar wurin ban sani ba."

Netam ya koma matsar da sauri. Sukaro ko gezau.

"Iya, tunkuzarki ce?"

"Tawa ce, ɗana. Taki muke yi da ita, ko akuya ba ta ci. Shekaranjiya aka sace mana buhu biyu da jarkar mai."

"Wane irin buhu?"

Ta nuna masa irinsu. Tsofaffin buhunan abincin shanu ne, har da hoton saniya a jiki. Netam ya yi tsaki, ya duba agogo. Matan nan da tsimi!

Ya sake komawa garken, ya tsaya gaban tsohuwar taraktar Bisahu.

"Wane mai take sha, Bisahu?"

"Dizal na gidan mai. Ni ba na taɓa man tsofaffin nan."

"Tayar da ita."

Bisahu ya yi ta kame-kame, sannan ya murɗa makulli. Hayaƙin da ya fito ƙamshin suya yake, sai ka ce ana toya ƙosai.

"Gidan man naka yana haɗawa da soye-soye ne?"

Bisahu ya zube ƙasa.

"Man kawai na je ɗauka, Yallaɓai. Da na ga saniya a jikin buhun, sai na ce na samu banza." Ya share hawaye. "Da hannuna na jiƙa musu. Har lasar yatsuna suke yi."

Netam ya ji tausayinsa, amma ya ɗaura masa ankwa. Da suka bi ta gaban matsar, ba wanda ya iya ɗaga kai ya dubi Sukaro.