Waƙar da Tasalla ta Bari a Birnin Fas

Ku matso kusa, ku rage murya. Abin da Inna Tasalla mai kiɗan ƙwarya ta rasa a birnin Fas waƙa ɗaya ce. Abin da ta samo kuma murya ce da ba ta dishewa, ga shi ta haura saba'in.

Shekara biyu da rasuwar mijinta, Nomau mai kukuma, aka gayyace ta wasa a ƙasar Maroko, ita da 'yar amshinta Lantana. Garin ya yi mata baƙunta. Lunguna a murɗe kamar hanji, kowace ƙofa irin 'yar'uwarta. Ta yi gaisuwa, a bi ta da murmushi kawai. Burodi da safe, burodi da rana. Amma ko da yatsu take ciniki, sai da ta sa mai tumatir ya dafe kai.

Ranar wasa aka cika mata masaki da ruwan famfo. Ta kifa ƙwarya a kai, ta buga. Ta taɓe baki.

"Wannan ruwan bebe ne. Ba ya amsawa."

Lantana ta ce, "Inna, a yi haƙuri da shi. Ƙasar mutane ce."

"Ni Tasalla, in zo har nan in ji kunya?"

Ta suri bokiti ta fita ita kaɗai, rana tsaka, kowa ya shige ɗaki. A ƙarshen wani lungu da ba ya ɓullewa ta tarar da ruwa yana tsiyaya daga tsohon bango cikin kwamin dutse. A al'adarsu, mai kiɗan ruwa ba ta ɗiba a baƙon wuri sai ta nemi izini, ta mayar wa masu wurin da ludayin farko. Tasalla ta san haka sarai. Sauri ya sa ta tsallake, ta cika bokitinta.

"Sannu da aiki, 'yar nan."

Hausa ce tsantsa, irin ta kakanni. Tasalla ta waiwaya. Wata tsohuwa ce zaune, lulluɓe da baƙin saƙi da aka daina yayinsa. Bakinta a rufe yake. Daga cikin bokitin muryar ke fitowa, ruwan yana rawa da kowace kalma. Ƙafafunta jiƙe sharkaf, sawunta a kan dutse mai zafi ya ƙi bushewa.

"Da ayarin raƙuma na zo garin nan, ina bin wata baiwa mai waƙa. Ta mutu ta bar ni. Tun ranar ban ƙara jin waƙar gida ba. Kin ɗebi ruwana ba izini. Muryarki zan karɓa."

Bakin Tasalla da ya saba kasuwa ya riga tsoro magana.

"Albarka."

Ruwan ya tsaya cak.

"Ke! Kin san da wa kike magana?"

"Na sani, Iya. Laifi na yi. Amma bokiti guda ba ya sayen murya. Da ita nake ci."

"To, kunnuwanki."

"Albarka. Wa zai gayyaci kurma wasa?"

"Waƙoƙinki, dukansu."

"Ɗaya. Kuma a yi mini gyara."

Dariya ta taso daga ƙasan bokitin, mai sanyi kamar cikin rijiya.

"Kin iya ciniki. Gyaranki murya ce da ba ta gajiya. Amma ni zan zaɓi waƙar."

Tasalla ta amince, tana ganin ta ci riba. Tana da waƙa ta fi ɗari.

"Wadda Nomau ya yi miki. Wadda kike yi a hankali kullum in kin kwanta."

Tasalla ta buɗe baki za ta ce albarka, ta ji muryarta ta fara ɗaukewa. Sai ta durƙusa, ta rera. Kowane baiti ya fita, ba ya dawowa. Da ta kai ƙarshe ta ɗaga kai. Ba tsohuwa, ba ruwa a bango. Bokitinta dai cike.

Ranar nan ƙwarya ta yi magana, mutanen da ba su jin Hausa suka yi ta share hawaye. Daga baya Lantana, da ta sha jin waƙar a bakinta, ta so ta sake koya mata. Da ta fara, Tasalla ba ta jin komai sai ɗigar ruwa.

Don haka in kun je baƙon gari, kada ku shiga lungu ku kaɗai rana tsaka, kada ku ɗebi ruwa ba izini. Har yau in an tambayi Inna Tasalla, sai ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce:

"Murya ta nema, na hana. Kunne ta nema, na hana. Waƙar Nomau ce na sallama."