Idon Saniya a Tafin Baba

Ranar da Umaima ta tsaya gaban teburin Sahabi a layin mahautan kasuwar Jega, ba tsoka ta nema ba, ba hanta ba.

"Idon saniya nika so, sabon yanka," ta ce.

Sahabi ya ajiye wuƙa ya dube ta. "Malama, miya za a yi da shi ko magani?"

"Karatu."

Ɗalibar kimiyyar halittu ce a jami'a a Aliero, an ce kowa ya zo da idon da zai feɗe a aji. Sahabi ya ciro mata shi da kitsensa da guntun jijiyar bayansa, bai huje shi ba. Ya karɓi lambarta wai don ya ji ko idon ya yi. Kowa a layin ya san ba idon ne ya dame shi ba.

Da yamma saƙonta ya shigo: "Naka ya fi na kowa. Na yanka farin, ruwa mai kauri kamar farin ƙwai ya fito, sai ga ƙwaya garai-garai. Na aza ta kan rubutu, baƙaƙen sunka ƙara girma. Can ciki kuma akwai wani shuɗi-shuɗi mai walƙiya, shi ka sa idon shanu ƙyalli in an haska su."

Ya amsa: "Kullum ina fiɗa ban taɓa leƙawa ba. Ƙara koya min, ƙwayar idona."

Tun daga nan so ya kama su, kamu na gaske.

Mahaifinta Alhaji Ummaru, manomin albasa a Maiyama, ya ji labari ya murtuke. Danginsu ba su taɓa haɗa aure da mahauta ba, kuma ga Waliyyu ɗan ƙanensa na zaryar neman aurenta. Amma tsohon ba ya son a ce ya raina sana'a, sai ya nemo dabara. Yanar ido ta daɗe da rufe masa gani, haske da duhu kawai yake bambancewa.

"Ba ni ba da ɗiyata ga wanda ban gani da idona ba," ya ce.

Ya san abin da yake yi. Ya sha cewa ba mai kai shi asibiti, don ya ji wai ƙwaƙule ido ake yi a wanke a mayar. Umaima ta yi kukanta ta share, ta rubuta wa Sahabi: "Baba ya ce sai ya gan ka. To zai gan ka. Ka kawo min idanu biyu."

Ya aiko su cikin ƙanƙara. Ta ciro ƙwayar ɗaya ta tsoma a ruwan zafi har ta yi fari fat. Sannan ta durƙusa gaban tabarmar mahaifinta da faranti da reza, Gwaggo, yayarsa, na gefe tana toshe hanci.

"Mi kika yi nan, Umaima?"

"Baba, miƙo hannu."

Ta sa yatsansa ya shafa taurin ɗayan idon saniyar. Ta yanka shi a hankali, ta ciro ƙwayar ta aza a tafinsa.

"Wagga ita ta ka tara haske. Gwaggo, mi kinka gani?"

"Garau take, har zanen hannunai nika gani ta ciki."

Ta aza dafaffiyar. "Wagga fa?"

"Fara sol, ba a ganin komi."

"Baba, irinta ag ga idonka. Ita kaɗai likita ka cirewa ta wata 'yar kafa, ya sa ta roba mai haske. Idon na nan wurinai, ba mai ƙwaƙule shi."

Tsohon ya daɗe yana juya 'yar abar da yatsa. "Wanga ɗan abu shi ya hana ni ganin gonata?"

"Shi na, Baba."

"Don yaron nan kika wanga duka."

"Don shi, kuma don kai. Ba ni ɓoye maka."

Ya yarda aka yi masa aikin idon. Ranar da aka cire masa bandeji a asibiti, bai dubi likita ba. 'Yarsa ya ƙura wa ido.

"Umaima, yaushe kinka girma haka?"

Sahabi na tsaye bakin ƙofa ya sunkuyar da kai, aka ce ya matso. Alhaji ya dube shi sama da ƙasa, ya daɗe.

"To, na gan ka. Ni na faɗi magana da bakina, ba ni tashinta. Turo manyanka."

Bayan an kwashe albasa aka ɗaura aure a Maiyama. Mahautan Jega suka cika ƙofar gida, Waliyyu ma ya zo ya yi fatan alheri. Da za a fita da amarya, Alhaji Ummaru ya jingine sandarsa da bango, ya taka da kansa har bakin mota, ya ɗora hannu a kanta.

"Allah shi yi muku albarka. Shi haskaka gidanku yadda kinka haskaka min."

Jama'a suka amsa da amin. Ya tsaya yana kallon motar har ta sha kwana, ba wanda ya faɗa masa ta tafi.